Yadda Ake Narkar da Ɓargon Haƙori da Sinadari Lokacin Wanke Saiwa

Idan ruɓewa ta ci haƙori har ta kai ga ɓargonsa, wato naman nan mai laushi da ke tsakiyarsa wanda ya ƙunshi jijiyoyin jini da na jin zafi, sau da yawa zaɓi biyu ne suke rage wa likita: ko dai ya cire haƙorin baki ɗaya, ko kuma ya kwashe ɓargon, ya tsabtace magudanar da yake kwance a cikinta, sannan ya cike ta ya rufe. Zaɓi na biyun shi ne abin da marasa lafiya suke kira cire jijiyar haƙori. An shirya wannan bayani ne domin ɗalibai masu koyon aikin haƙori da likitocin da ba su daɗe da fara shi ba, kuma ya tsaya ne a kan ɓangare ɗaya, wato yadda ake amfani da sinadari wajen narkar da ragowar ɓargon da ƙarfe ba ya iya kaiwa gare shi.

Dalilin da ya sa ake buƙatar sinadari tun farko shi ne magudanar saiwa ba miƙaƙƙen bututu ba ce kamar yadda hoton eksire yake nuna ta. A yawancin haƙora ta fi faɗi ta gefe ɗaya, tana da lungu da saƙo, tana da ƙananan rassa da suke ɓullewa ta gefen saiwa, sannan a turame akan sami siririn zirin da ya haɗa magudana biyu, wanda ɓargo ya cika shi amma babu ƙarfen da zai shiga cikinsa. Magagarin da ake aiki da shi kuwa, wanda a asibiti ake ce masa fayil, zagayayye ne, saboda haka tsakiyar hanya kawai yake sassaƙa. Binciken da Ove Peters da abokan aikinsa suka wallafa a 2001, inda suka ɗauki hoton turamen sama kafin aiki da bayansa, ya nuna cewa kashi 35 cikin 100 na bangon magudana, ko fiye da haka, magagari bai taɓa shi ba ko kaɗan. Tun kafin wannan, a 1981, Byström da Sundqvist a ƙasar Suwidin sun gwada aiki da magagari tare da ruwan gishirin asibiti kaɗai, suka ga yawan ƙwayoyin cuta ya ragu ƙwarai, amma kusan rabin magudanan ba su rabu da su ba duk da an yi zama da dama. Aikin magagari ke nan shi ne buɗe hanya domin ruwan wanki ya isa ƙasa, tsabtacewar kuwa ruwan ne yake yin mafi yawanta.

Sinadarin da yake narkarwa

A cikin ruwayen wanki da aka saba amfani da su a yau, guda ɗaya ne yake narkar da nama yadda ake bukata, shi ne sodiyam haipokulorait, wato sinadarin da ke cikin ruwan bilic na wanki irin su Hypo da Jik, wanda a Nijar aka fi sani da javel. Henry Dakin ne ya yaɗa amfani da shi wajen magani a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aka riƙa wanke raunukan sojoji da shi a ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. A 1941 Grossman da Meiman a Amurka suka jefa ɓargon da aka ciro daga haƙora cikin sinadarai iri-iri domin su ga wanda zai fi cinye shi, sai haipokulorait mai ƙarfin kusan kashi 5 cikin 100 ya yi zarra, yana narkar da ɓargon cikin minti 20 zuwa awa 2. Sama da shekara 80 ke nan, kuma har yanzu babu wanda ya ture shi daga wannan matsayi.

Yana da kyau mai aiki da shi ya san abin da yake faruwa a cikin haƙorin, domin daga nan ne duk ƙa'idojin aikin suka samo asali. Haipokulorait alkalin ne mai ƙarfi, ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin da ke nuna ƙarfin asid ko alkalin, yakan kai 11 zuwa 12 ko sama. Idan ya haɗu da kitsen da ke jikin ƙwayoyin nama sai ya mayar da shi sabulu, kamar dai yadda ruwan toka yake yi wa mai wajen haɗa sabulun salo. Kulorin ɗin da ke cikinsa kuma yana kama furotin ya tsittsinka shi zuwa ƙananan gutsattsari masu narkewa a ruwa, kuma ta wannan hanyar ce yake kashe ƙwayoyin cuta tare da wargaza yauƙin da suke ginawa a jikin bango su ɓuya a ciki. Abin lura a nan shi ne kulorin ɗin ƙarewa yake yi yayin da yake aiki. Magudanar saiwa ɗan digo kaɗan take ɗauka, kuma idan wannan digon ya haɗu da nama, ƙarfinsa yakan tafi cikin mintuna ƙalilan. Wanda ya cika magudana sau ɗaya ya zauna yana jira, bayan ɗan lokaci ruwan gishiri ne kawai ya rage masa a ciki.

Haka kuma ba kowane ɓargo ne yake narkewa da sauri ɗaya ba. Wanda ya mutu ya fara ruɓewa ya fi saurin narkewa, mai rai wanda jini yake gudana a cikinsa ya fi shi gardama, wanda kuma aka taɓa sa masa magani mai fomaldihaid ya ƙandare ya fi su duka taurin kai.

Zaɓen ƙarfi, haɗawa da ajiya

Ana amfani da shi daga kashi 0.5 zuwa kusan kashi 6 cikin 100, kuma masana ba su tsaya a kan lamba ɗaya ba. Mai ƙarfi ya fi saurin narkar da nama, amma ya fi ɓarna idan ya tsallake zuwa inda bai kamata ba, kuma idan ya daɗe yana taɓa dantin, wato ƙashin da ya kewaye ɓargo, yakan rage masa ƙwari. Mai rauni ya fi sauƙin illa, sai dai yana buƙatar a yawaita shi kuma a ba shi lokaci. Ta fuskar kashe ƙwayoyin cuta a cikin magudana, Byström da Sundqvist a 1985 ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin kashi 0.5 da kashi 5 ba. A ganina kashi 2.5 zuwa 3 ya ishi yawancin aikin yau da kullum, musamman ga wanda hannunsa bai gama faɗawa ba. Idan haƙorin yaro ne wanda saiwarsa ba ta gama rufewa ba, ko kuma hoto ya nuna ƙarshen saiwa ya zaizaye, gara a sauko zuwa kashi 1 ko 1.5.

Abin da ya fi dacewa shi ne a sayi wanda aka haɗa musamman domin aikin haƙori. Likitoci da yawa a ƙasashe daban-daban suna amfani da bilic na wanki saboda sauƙin kuɗi, kuma wanda zai bi wannan hanya dole ne ya karanta jikin kwalba ya ga ƙarfin da aka rubuta da ranar da aka haɗa shi, ya kuma guji wanda aka sa wa turare ko launi ko abin ƙara kauri. Lissafin sirkawa ba shi da wuya. Idan ƙarfin na kwalba kashi 5 ne ana son kashi 2.5, sai a haɗa shi da tataccen ruwan asibiti daidai wa daida. Idan kashi 3.5 ne ana son kashi 1, sai a zuba mililita 25 na ruwa a kan mililita 10 na sinadarin. A haɗa iya wanda za a yi aiki da shi a ranar, a zubar da ragowar.

Batun ajiya ya fi shafar mai aiki a ƙasa mai zafi fiye da waɗanda suka rubuta yawancin littattafan da ake karantawa. Zafi da haske da iska da taɓa ƙarfe duk suna cinye kulorin, kuma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, inda zafin bazara yake wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kwalbar da ta kwana biyu a kan taga ko ta sha rana a shago ba lallai ba ne ta kasance da ƙarfin da aka rubuta a jikinta. A ajiye shi a kwalbar da haske ba ya ratsa ta, a rufe bakinta da kyau, a sa ta a wuri mai sanyi. Wari ba ma'auni ba ne, domin wanda ya yi rauni ma yana iya bugun hanci. Idan ana shakka, a jefa guntun ɓargon da aka ciro cikin ɗan ƙaramin kofin gilashi mai ɗauke da ruwan a sa masa ido: mai ƙarfi zai sa ƙananan kumfa su lulluɓe naman, ya yi fari, gefunansa su fara zagwanyewa.

Shiri kafin a ɗauki sirinji

Ba a amfani da haipokulorait sai an killace haƙorin da shingen roba, wato shimfiɗar roba mai huji da ake zura haƙorin a ciki domin ta raba shi da sauran baki. Wannan shinge tsohon abu ne, tun 1864 Sanford Barnum ya fito da shi, kuma auduga ba ta maye gurbinsa. Idan ruɓewa ta cinye bango ɗaya na haƙorin, a fara gina shi da abin ciko domin ɗakin ɓargo, wato kogon da ke cikin kan haƙori inda magudanai suke farawa, ya iya riƙe ruwa, sannan a toshe duk wata kafa da ke tsakanin roba da wuyan haƙori. A sa wa mara lafiya tabarau, a rufe masa ƙirji da leda, domin digo ɗaya ya isa ya ɓata shadda, kuma likita da mataimakinsa su ma su kare idanunsu. A tambayi mara lafiya ko bilic ya taɓa yi masa illa a fata ko a numfashi.

A duba hoton eksire da idon mai neman matsala: saiwar da ƙarshenta yake buɗe, wadda ta zaizaye, wadda ta kusanci kogon iska na muƙamuƙin sama, ko wadda ake zargin an huda gefenta a wani aikin baya. A tabbatar da tsawon aiki, wato nisan da magagari zai shiga har kusa da ƙarshen saiwa, da na'urar auna saiwa tare da hoto kafin allurar wanki ta yi nisa a ciki.

Sirinjin ya zama mai murfin murɗawa, wanda allura ba ta fizgewa daga bakinsa idan an matsa, kuma mai ɗaukar mililita 5 ya fi manya sauƙin sarrafawa. A rubuta sunan abin da ke cikin kowane sirinji. Haipokulorait da ruwan gishiri da maganin kashe zafi duk kamarsu ɗaya a ido, kuma an sha samun rahoton inda aka ɗura haipokulorait a cikin kwalbar maganin kashe zafi da ta ƙare, daga baya aka manta aka yi wa mutum allura da shi. Kada a taɓa yin wannan ɗurin. Allurar wanki ta zama siririya, mai lamba 30 ko aƙalla 27 (a allura, babbar lamba ta fi siranta), mai toshesshen baki wadda kafarta take a gefe. A sa mata alamar roba, ko a lanƙwasa ta, a daidai inda za ta tsaya milimita 1 zuwa 2 kafin ƙarshen tsawon aiki. Idan mai buɗaɗɗen baki ce kawai ake da ita, a ƙara ja da baya zuwa milimita 2 ko 3.

Wankin kansa

Da zarar an buɗe ɗakin ɓargo, a cika shi da haipokulorait tun kafin magagari na farko ya shiga magudana. Idan ɓargon mai rai ne, za a ga jini yana gauraya da ruwan, yana yin duhu, yana kumfa, kuma bayan an tsotse an sake cikawa sau biyu ko uku zubar jinin takan lafa har a iya ganin ƙasan ɗakin. A nan akwai wata dabara mai amfani: a bar ruwan ya kwanta, a haska fitila da kyau, a duba da madubi. Idan aka ga jerin ƙananan kumfa suna tasowa daga wani wuri guda a ƙasan ɗakin, to akwai nama a wajen, kuma sau da yawa bakin wata magudana ce da ba a gano ba, kamar ta biyu da ke ɓuya a saiwar gaba ta turmin farko na sama.

Daga nan har ƙarshen sassaƙa, ƙa'idar ita ce magagari ba ya shiga busasshiyar magudana, kuma duk lokacin da aka fitar da shi sai an wanke da sabon ruwa, mililita 1 zuwa 2, kafin na gaba ya shiga. Ɗakin ɓargo ya kasance a cike koyaushe, domin kowane magagari yana jan ruwan zuwa ƙasa yayin da yake shiga.

Yadda ake riƙe allura shi ne inda lafiyar mara lafiya ta rataya. A shigar da ita a hankali har a ji ta fara taɓa bango, sannan a ja ta baya kaɗan yadda za ta yi sako-sako. Ba a matsa sirinji alhali allura tana cije a bango, domin a wannan hali ruwan ba shi da hanyar dawowa sama, sai ya nemi mafita ta ƙasa. A matsa da ɗan yatsa manuni maimakon babban yatsa, saboda babban yatsa ya fi ƙarfin abin da ake buƙata, kuma a riƙa motsa allurar sama da ƙasa kaɗan-kaɗan muddin ruwa yana fita. Ido ya kasance a kan ɗakin ɓargo: matuƙar ana matsawa, dole ne a ga ruwa yana dawowa sama mataimaki yana tsotsewa. Idan ana matsawa ba a ga komai ya dawo ba, a tsaya nan take.

Ruwan da yake fita daga allura mai kafa a gefe ba ya wuce bakinta da fiye da milimita 1 ko ɗan sama da haka. Ma'anar wannan ita ce wanda ya tsayar da allurarsa a bakin magudana saman kawai yake wankewa, kashi ɗaya cikin uku na ƙasa kuwa, inda cutar ta fi zama, ko ɗigo bai isa can ba. Domin allura mai lamba 30 ta kai kusa da ƙarshe ba tare da ta cije ba, yawanci sai an buɗe ƙasan magudana zuwa girman magagari mai lamba 30, wato mai shuɗin mariƙi. Akwai kuma matsalar kumfar iska da takan maƙale a can ƙasa ta hana ruwa sauka. Shigar da siririn magagari mai lamba 10 har ƙarshe lokaci-lokaci yana taimakawa wajen fasa ta da kuma hana dusar dantin toshe hanya.

Bayan an gama sassaƙa ne ainihin narkarwa take samun dama, domin a lokacin ne hanya ta buɗe, kuma a nan ne masu gaggawa suke yin asara. Da injinan zamani ana iya gama sassaƙa magudana cikin 'yan mintuna, amma sinadarin bai san da wannan saurin ba, lokacinsa yake buƙata. Sai a cika, a motsa, a tsotse, a sake cikawa, a yi ta maimaitawa har ruwan da yake dawowa ya daina gurɓata kuma kumfa ta daina tasowa. A haƙorin da ɓargonsa ya mutu ya yi ƙurji a ƙarƙashin saiwa, ba ɓata lokaci ba ne jimillar zaman ruwan a ciki, daga buɗewa zuwa ƙarshe, ta kai rabin awa.

Motsa ruwa yana ƙara saurin narkarwa ƙwarai, domin yana kawar da wanda ya gaji daga jikin nama ya kawo sabo. Hanya mafi arha ba ta buƙatar wutar lantarki, abin da yake da muhimmanci a asibitin da wuta take zuwa tana ɗaukewa. A ɗauki tsinken gutaperca, wato irin tsinken roba da ake yin cikon ƙarshe na magudana da shi, wanda ya dace da girman magudanar, a cika ta da ruwa, a shigar da shi zuwa milimita 1 kafin ƙarshe, a riƙa ɗaga shi ana mayarwa tazarar milimita 2 zuwa 3, kimanin sau 100 a minti ɗaya. Wanda yake da na'urar altrasonik, wato mai girgiza tsinke da sauri ƙwarai, sai ya sa siririn tsinke wanda ba ya yanka, ya tsayar da shi a tsakiyar magudana ba tare da ya danna bango ba, ya kunna na daƙiƙa 20, ya sake sabon ruwa, ya maimaita har sau 3.

Ɗumama ruwan ma yana taimakawa. Wani bincike da Sirtes da abokan aikinsa suka yi a Zurik a 2005 ya nuna cewa kashi 1 cikin 100 da aka ɗumama zuwa digiri 45 yana narkar da ɓargo daidai da kashi 5.25 a digiri 20. Ana iya tsoma sirinjin da aka cika a cikin ruwan ɗumi kafin aiki. Sai dai zafin ba ya daɗewa idan ruwan ya shiga siririyar magudana, kuma wanda aka ɗumama ba a ajiye shi don gobe. Idan za a zaɓi ɗaya tsakanin ɗumamawa da motsawa, motsawa ta fi.

Abokan aikinsa da waɗanda ba ya jituwa da su

Yayin sassaƙa, magagari yana shafa wani siririn taɓo a jikin bango, haɗin garin dantin da guntayen nama da ƙwayoyin cuta, wanda yake toshe ƙananan kafofin dantin. Haipokulorait yana cin ɓangaren naman ne kawai, ba ya narkar da ɓangaren ma'adinin. Wannan aikin wani sinadari ne mai suna EDTA, wanda Nygaard-Østby na ƙasar Nowe ya shigo da shi aikin saiwa a 1957. Ana amfani da shi a ƙarfin kashi 17 cikin 100, a bar shi kimanin minti 1 bayan an gama sassaƙa da wankin haipokulorait. Idan ya kai minti 10 yakan zaizaye dantin. Asid ɗin lemun tsami mai ƙarfin kashi 10 yana yin irin wannan aiki. Babu ɗayansu da yake narkar da ɓargo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gwama su. EDTA yana kashe kulorin nan take idan suka haɗu, don haka wanda yake shafa man EDTA a jikin kowane magagari alhali ɗakin ɓargo cike yake da haipokulorait yana raunana ruwan wankinsa da hannunsa. A tsotse ɗaya sarai kafin a sa ɗayan. Bayan EDTA wasu suna sake ɗan gajeren wanki da haipokulorait domin ya shiga kafofin da suka buɗe, kuma hakan yana da ma'ana a haƙori mai cuta, amma a taƙaita shi, domin dantin da EDTA ya tausasa yana saurin zaizayewa. Akwai wani sinadari mai suna HEDP wanda ake iya narkar da shi a cikin haipokulorait dab da fara aiki ba tare da ya kashe kulorin da wuri ba, ga wanda ya samu.

Kulohekzidin mai ƙarfin kashi 2 yana kashe ƙwayoyin cuta kuma yana manne wa dantin ya ci gaba da aiki na wani lokaci, amma ba ya narkar da nama ko kaɗan, saboda haka ba zai zama babban ruwan wanki ba sai ga wanda jikinsa ba ya karɓar haipokulorait. Idan ya haɗu da haipokulorait sai wani gurɓataccen abu mai launin ruwan goro ya fito nan take, ya manne a bango, ya rina haƙori, ya toshe kafofin dantin. Idan ya haɗu da EDTA kuma farin gari-gari yake fitarwa. Wanda zai yi amfani da shi a ƙarshe sai ya wanke magudana da ruwan gishiri ko tataccen ruwa mai yawa, ya busar da ita da tsinken takarda tukuna.

Idan aikin ba zai ƙare a zama ɗaya ba, ana cika magudana da kalshiyam haidroksaid, wanda Hermann ya fara amfani da shi a Jamus a 1920. Ma'aunin pH ɗinsa kusan 12.5 ne, yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, kuma yana narkar da nama a hankali cikin kwanaki. Wani amfaninsa shi ne naman da ya kwana a cikinsa yakan kumbura ya yi laushi, sai haipokulorait ya cinye shi da sauri a zama na biyu, abin da Hasselgren da abokan aikinsa suka nuna a 1988. A bar shi aƙalla kwana 7, a rufe haƙorin da cikon wucin gadi mai kaurin milimita 3 zuwa 4, sannan a wanke shi tas kafin cikon ƙarshe. Kada a tura shi da ƙarfi, musamman a turamen ƙasa waɗanda saiwarsu take kusa da babbar jijiyar muƙamuƙi.

Ya kamata a bambanta duk waɗannan da magungunan kashe jijiya na da, masu ɗauke da asenik ko farafomaldihaid. Waɗannan ba sa narkar da ɓargo, kashe shi suke yi su bar gawarsa a ciki, kuma idan suka yoyo sukan kashe dasashi da ƙashin da ke kewaye. Da allurar kashe zafi ta zamani babu sauran hujjar amfani da su. Haka nan mai ciwon haƙori da ya karanta wannan bayani kada ya ɗauka zai iya ɗiga bilic a kogon haƙorinsa a gida, kamar yadda wasu suke sa ruwan batir ko fetur: bakinsa zai ƙone, cutar kuma tana nan a cikin saiwa.

Idan ruwan ya tsallake saiwa

Alamomin ba sa ɓuya. Mara lafiya zai ji zafi mai tsanani farat ɗaya ko da an yi masa allurar kashe zafi, kumatu ko leɓe ya fara kumbura cikin mintuna, jini ya riƙa bulbulowa daga magudana, daga baya fatar fuska ta yi tabon taruwar jini wanda kan iya kaiwa ƙarƙashin ido ko wuya. Idan kogon iska na muƙamuƙin sama ruwan ya shiga, mutum zai ji ɗanɗanon bilic a maƙogwaro ko ya ji yana zubowa ta hanci. An fi samun wannan a haƙoran sama, inda ƙashin da ya rufe saiwa yake da siranta.

A dakatar da wanki, a zuƙe abin da ke cikin magudana da sirinji marar komai, a wanke da ruwan gishiri mai yawa, a bar jinin ya fita domin yana fitar da sinadarin. A ƙara allurar kashe zafi ta hanyar toshe babbar jijiyar yankin, ba a cikin wurin da ya kumbura ba. A gaya wa mara lafiya gaskiyar abin da ya faru da abin da zai gani a kwanaki masu zuwa, domin fuskar da ta kumbura ta yi baƙi tana tayar da hankalin mutum da danginsa. A ba shi maganin rage zafi, a sa masa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma a rana ta farko, daga rana ta biyu a koma gashi da ruwan ɗumi da kurkure baki da shi. Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta idan nama ya mutu da yawa ko ana tsoron cuta ta shiga, kuma likitoci da dama suna ƙarawa da maganin sitiroyid domin rage kumburi. Idan kumburin ya nufi ƙarƙashin harshe ko wuya, ko haɗiya da numfashi suka fara wuya, ko ido ya shiga cikin lamarin, a tura shi babban asibiti wurin likitocin tiyatar baki da fuska ba tare da jinkiri ba. Idan a ido ruwan ya fantsama, a wanke shi da ruwa mai gudana na aƙalla minti 15, sannan likitan ido ya duba shi.

A rubuta komai a takardun asibitin mara lafiya: ƙarfin sinadarin, yawan da aka yi amfani da shi, irin allurar, da lokacin da abin ya faru, a kuma ɗauki hoton fuskar da izininsa. A riƙa duba shi kullum a kwanakin farko. Yawanci kumburi da tabon jini sukan baje cikin mako 2 zuwa 4, amma mutuwar jin taɓawa a leɓe ko kumatu tana iya ɗaukar watanni. Idan wurin ya lafa aka dawo ƙarasa aikin, a fara gano ta inda ruwan ya fita, a gyara hujin idan akwai shi, a sake auna tsawon aiki, sannan a yi wankin wannan haƙorin da ruwan gishiri ko kulohekzidin.